Atlanta Braves a kakar 2021: ta rasa gwarzonta a Yuli, ta ɗaga kofi a Nuwamba

Ranar Asabar, 10 ga Yuli, 2021, a filin wasa na Miami, Jazz Chisholm na ƙungiyar besbol ta Marlins ya ɗaga ƙwallo sama, ta nufi katangar dama. Ronald Acuña Jr. na Atlanta Braves ya bi ta a guje, ya daka tsalle, ta kuɓuce masa, ya diro da ƙafar dama, gwiwa ta lanƙwashe. Nan ya zube a gindin katanga yana riƙe da ƙafar. Da aka tashe shi ya yi ƙoƙarin takawa da kansa, ya yi 'yan taku, ya sake zama a kan ciyawa. A 'yar mota aka fitar da shi daga fili, hawaye na bin kuncinsa. A daren aka tabbatar babbar jijiyar gwiwar ta tsinke, sai tiyata, shi da wasa kuma sai baɗi.

Shekarunsa 23, ɗan ƙasar Benezuwela, kuma a lokacin shi ne bangon da Atlanta Braves ta jingina da shi. Aka tafi hutun tsakiyar kaka ƙungiyar na da nasara 44, an doke ta sau 45. Wata huɗu bai cika ba, ranar 2 ga Nuwamba, ita ce ta ɗauki kofin World Series, wato karon ƙarshe na gasar besbol ta Amurka, a Houston. Masu ba da labarin sukan mai da shi tamkar tatsuniya, a ce an ɗauko mutum huɗu daga bola suka zama zakaru. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar da aka yanke a ofis cikin kwana ashirin bayan raunin Acuña, da irin lissafin da ke bayanta, domin shi kaɗai ne ɓangaren da ke hannun mutum. Sauran, rabo ya shiga ciki sosai.

Ga wanda bai saba da wasan ba

Besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, zubi tara ake yi a kowane wasa. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu yana dukanta da gora, ya ruga ya zagaye tashoshi uku ya dawo gida, maki ɗaya ke nan. In ya kaɗa ƙwallon ta tsallake katangar bayan fili, wannan shi ne hom-ron: shi da duk abokansa da ke kan tasha sun ci maki. Kowane ɓangare yana bugu har sai an fitar masa da mutum uku, sannan a juya.

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, an raba su gida biyu, National da American, kowane gida rukuni uku. Wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa daga wajen farkon Afrilu zuwa wajen farkon Oktoba, kusan kullum ana fili. A 2021 ƙungiyoyi 10 ke wucewa zagayen fitar da gwani: shida da suka zo na ɗaya a rukuninsu, da huɗu mafi ƙoƙari cikin ragowar. Abu biyu ne suka bambanta kasuwar 'yan wasansu da wadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Na farko, ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi a tsakiyar kaka ba, musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda, yawanci a ba da matasan da ke horo a ƙananan ƙungiyoyi a karɓi gogagge. Na biyu, babu faɗawa ƙaramar gasa. Saboda haka duk ƙungiyar da ta ga ba ta da rabo a shekarar, sai ta sallami waɗanda kwantiraginsu ke gab da ƙarewa, ta tara matasa, ta jira baɗi. A 2021, ranar 30 ga Yuli ake rufe wannan kasuwa.

Abin da ya riga gwiwar Acuña lalacewa

Braves ta shiga kakar da miki a zuci. A Oktoban 2020 tana gaban Los Angeles Dodgers da wasa 3 da 1, saura nasara ɗaya ta kai World Series, Dodgers ta lashe uku a jere ta fitar da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Atlanta. Daga 1991 zuwa 2005 ƙungiyar ta zo na ɗaya a rukuninta sau 14 a jere, amma kofi ɗaya tak ta samu, na 1995. A Janairun 2021 kuma tsohon gwarzon ƙungiyar, Hank Aaron, ya rasu yana da shekara 86, mutumin da ya yi hom-ron 755, wanda ya karya tarihin Babe Ruth na yawan hom-ron a 1974 cikin wasiƙun barazanar kisa daga masu wariyar launin fata. Lambar rigarsa, 44, aka zana a ciyawar filin Truist Park duk tsawon kakar.

Wasa huɗu na farko duk an doke su. Daga nan rauni ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Travis d'Arnaud, mai tare ƙwallo a bayan mai bugu, jijiyar babban yatsansa ta tsinke a farkon Mayu, ya yi fiye da wata uku yana jinya. Huascar Ynoa, matashin mai jifa da ya fara kakar da kyau, ya naushi benci cikin fushi ya karya hannunsa na jifa. Mike Soroka, wanda ake jiran dawowarsa, jijiyar agararsa ta sake tsinkewa a Yuni. Cristian Pache da aka ba tsakiyar bayan fili ya kasa taɓa ƙwallo, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Marcell Ozuna, wanda aka ba kwantiragin dala miliyan 65 na shekara huɗu a Fabrairu, ya karye a yatsu biyu a ƙarshen Mayu, bayan 'yan kwanaki 'yan sanda suka kama shi bisa zargin cin zarafin matarsa, bai sake buga wasa a kakar ba.

Ke nan da Acuña ya faɗi, mutum ukun da aka fara kaka da su a bayan fili babu ko ɗaya. Waɗanda suka rage, irin su Guillermo Heredia da Abraham Almonte, 'yan benci ne da aka ɗauko don cike gurbi.

Kwana ashirin

Alex Anthopoulos shi ne babban manajan ƙungiyar, wato mai saye da musayar 'yan wasa, haifaffen Montreal ta Kanada. Hanyar da kowa ya zata zai bi a bayyane take. Yana da Charlie Morton, gogaggen mai jifa ɗan shekara 37 da kwantiragin shekara ɗaya, wanda ƙungiyoyi da yawa za su ba da matasa masu kyau su karɓa. Da ya yi haka, babu mai zarginsa.

Ya duba abu uku. Rukunin National na gabas, inda Braves take, ba shi da ƙarfi a shekarar: New York Mets ce a sama, amma tazarar wasanni kaɗan ce, ga shi gwaninta na jifa Jacob deGrom ya kwanta jinya tun farkon Yuli. Na biyu, in aka haɗa makin da Braves ta ci da wanda aka ci ta tun farkon kaka, nata ya fi yawa, alamar ƙungiyar ta fi abin da teburi ke nunawa, wasannin kusa-da-kusa ne ke suɓuce mata. Na uku kuɗi: bayan an ɗage dokar korona a watan Mayu 'yan kallo sun cika Truist Park, masu ƙungiyar suka amince a ƙara abin da za a kashe kan albashi. Akwai kuma tsohon darasi. A 2014, yana Toronto Blue Jays, ya bar kasuwa ta rufe bai kawo wani na kirki ba alhali ƙungiyar na cikin takara, manyan 'yan wasansa suka nuna ɓacin ransu a fili, ƙungiyar ta yi sanyi a Agusta. A 2015 ya kawo Troy Tulowitzki da David Price, Toronto ta wuce zagayen fitar da gwani karon farko tun 1993.

Ranar 15 ga Yuli, kwana biyar da raunin, ya karɓi Joc Pederson daga Chicago Cubs, ya ba da wani matashi mai suna Bryce Ball. Amfanin wannan musaya ya wuce abin da Pederson zai buga. Kafin 'yan wasa su dawo daga hutu an riga an sanar da su cewa ofis bai sallama ba.

Ranar 30 ga Yuli, cikin sa'o'in ƙarshe, ya ƙara uku. Adam Duvall daga Miami, wanda ita kanta Braves ta sallama a Disamban da ya gabata don kada ta biya shi ƙarin albashi, aka dawo da shi a madadin Alex Jackson. Eddie Rosario daga Cleveland, yana kwance da ciwon tsokar ciki, aka ba da Pablo Sandoval, wanda Cleveland ta sallama nan take, domin rage nauyin albashi kawai take so. Sai Jorge Soler, ɗan Kuba, daga Kansas City Royals. A 2019 Soler ya yi hom-ron 48, ya fi kowa a gidan American, amma a 2021 ƙididdigar bugunsa ta faɗo .192, wato cikin tsayuwa biyar ko bugu ɗaya mai kai shi tasha ba ya samu cikakke. Kasey Kalich, wani mai jifa a ƙaramar ƙungiya, aka bayar.

A lura da abin da ba a bayar ba. Babu ko ɗaya daga manyan matasan da ƙungiyar ke tattali. A wannan rana Dodgers ta karɓi Max Scherzer da Trea Turner daga Washington da matasanta mafiya daraja, Mets ta ɗauko Javier Báez. Anthopoulos ya san babu wanda zai maye gurbin Acuña shi kaɗai, in ma akwai ba shi da abin biya, sai ya raba kayan wa mutum huɗu masu araha, kowannensu ya taɓa yin fice a baya, kowanne kuma darajarsa ta faɗi a lokacin. In biyu suka farfaɗo an ci riba, in duka suka kasa asarar ba ta taka kara ta karya ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan har da sanin farashi.

Akwai kuma wata musaya a ranar da ba a cika ambato ba. Richard Rodríguez, mai jifan rufe wasa daga Pittsburgh, shi ne aka fi biya wa tsada, domin an ba da Bryse Wilson, wanda ya doke Dodgers a wasan fitar da gwani na 2020. Rodríguez ya lalace a Satumba, ba a ma sa sunansa cikin masu buga wasannin Oktoba ba. Mutumin da ya ga abin da wasu ba su gani ba a Soler, shi ne ya yi kuskure a Rodríguez, a rana ɗaya.

Agusta

Ba nan take abin ya kama ba. Fiye da mako biyu bayan hutu, yau su ci gobe a ci su, ba tare da sun jera biyu ba. Sai a makon farko na Agusta, bayan sun share St. Louis Cardinals a gidanta, nasarorinsu suka zarce rashin nasara karon farko a kakar. Daga nan suka yi tafiyar wasa tara zuwa Washington da Miami da Baltimore, suka lashe duka taran. Mets ta rushe, ta ƙare da nasara 77. Ranar 30 ga Satumba Braves ta doke Philadelphia Phillies ta kama rukunin, shekara ta huɗu a jere.

Baƙin nan huɗu sun yi hom-ron 44 a rigar Braves kafin kaka ta ƙare: Duvall 16, Soler 14, Pederson 7, Rosario 7. Nasara 44 kafin hutu, 44 bayan hutu. Mutanen Atlanta sun riƙe wannan lamba da muhimmanci, kuma duk wanda ya san abin da Aaron yake a wurinsu zai fahimce su.

Sai dai zalunci ne a ce baƙin ne suka ɗauki ƙungiyar. 'Yan cikin fili huɗu, waɗanda suke nan tun Afrilu, su ne ginshiƙi: Freddie Freeman hom-ron 31, Austin Riley 33, Ozzie Albies 30, Dansby Swanson 27. Max Fried da Morton kowanne ya ci wasa 14. Abin da musayar ta yi shi ne toshe ramuka uku a jerin masu bugu tara, inda a da mai jifan abokan hamayya ke samun wurin hutawa. Kuma kada a manta, nasara 88 suka ƙare da ita, mafi ƙaranci cikin ƙungiyoyi goman da suka wuce. Da a rukunin yamma suke, inda San Francisco Giants ta ci 107, Dodgers 106, da ko ƙurarsu ba su gani ba.

Milwaukee da Los Angeles

Karon farko da Milwaukee Brewers ne, wanda ya riga cin uku. Braves ta faɗi a na farko, ta lashe uku a jere. Pederson, da sarƙar lu'ulu'u a wuya wadda 'yan kallo maza da mata suka fara kwaikwayo, ya taso daga benci sau biyu ya yi hom-ron. A wasa na huɗu, ana 4 da 4 a zubi na takwas, Freeman ya kaɗa ƙwallon Josh Hader ta tsallake katanga. A safiyar wannan rana gwaji ya nuna Soler ya kamu da korona, aka killace shi.

A nan amfanin sayen huɗu maimakon uku ya fito. Gurbi uku ne a bayan fili, mutane suna ta tambayar ina za a sa na huɗu. Da Soler ya kwanta, Rosario ya koma farkon jerin masu bugu, ya yi wa Dodgers abin da ba za ta manta ba: cikin tsayuwa 25 ya samu bugu 14, hom-ron 3, ya shigo da maki 9, shi ya raba gardama a zubin ƙarshe na wasa na biyu. Braves ta sake kai 3 da 1 kamar bara, Dodgers ta lallasa ta 11 da 2 a wasa na biyar, tsohon tsoro ya dawo.

Wasa na shida, 23 ga Oktoba, a Atlanta. Rosario ya yi hom-ron mai maki uku a kan Walker Buehler. A zubi na bakwai Dodgers ta rage tazara zuwa 4 da 2, tana da mutum a tasha ta biyu da ta uku, ba a fitar da ko ɗaya ba. Bugu ɗaya mai kyau, an yi kunnen doki. Koci Brian Snitker ya kira Tyler Matzek.

Matzek ya cancanci a tsaya a kansa. Colorado Rockies ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen matasa a 2009, ya fara haskawa, sai wata irin fargaba ta kama shi, wadda 'yan wasan suka sani suna kuma tsoro: hannu lafiya lau, amma mutum ya kasa jefa ƙwallo inda yake so. Ya fice daga babbar gasa shekaru, har ya koma wata ƙungiya mai zaman kanta a Texas, Braves ta tsinto shi a 2019. Shi ne ya tsaya a daren, Albert Pujols a gabansa. Ya fitar da shi. Steven Souza Jr. ya zo, ya fitar da shi. Sai Mookie Betts, ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. Jifa uku masu ƙarfi, Betts ya bar biyu suka wuce, ya kai wa na uku duka ya sami iska. Matzek ya daka tsalle yana naushin iska, filin ya ɗauki ihu. A ganina babu minti biyar da suka fi waɗannan nauyi a duk kakar, kuma wanda ya yi su ba ya cikin waɗanda aka kawo a Yuli. Braves ta kai World Series karon farko tun 1999, aka ba Rosario kyautar gwarzon karon.

Houston

Houston Astros ta fi kowace ƙungiya cin maki a 2021. Kocinta Dusty Baker abokin wasan Aaron ne a Atlanta, shi ne ke jiran layinsa ya zo a daren 1974 da Aaron ya karya tarihin Ruth. Snitker kuwa, ɗan shekara 66, tun 1977 yake Braves, Aaron ne ya ba shi aikin horarwa na farko a ƙananan ƙungiyoyi, ya yi shekaru da dama yana yawon motar bas kafin a ba shi babbar kujera a 2016. Ɗansa Troy yana cikin masu horar da bugu na Astros, uba da ɗa a benci biyu masu fuskantar juna.

Ranar 26 ga Oktoba, Soler da ya warke shi ne mutum na farko da ya riƙe gora a gasar, ya yi hom-ron, abin da ba a taɓa yi ba a tsayuwar farko ta World Series. A zubi na biyu ƙwallon da Yuli Gurriel ya buga ta daki Morton a ƙwauri. Ya ƙarasa zubin, ya dawo na uku, ya fitar da José Altuve, sannan ya dafa ƙasa ya kira a zo. Hoto ya nuna ƙashin ya karye. Jifa 16 ya yi da karyayyar ƙafa. Braves ta ci 6 da 2, amma ta rasa ɗaya daga masu buɗe mata wasa uku kacal da ta dogara da su.

Ragowar gasar a wuyan masu jifan ɗauki ta rataya: Matzek, A.J. Minter, Luke Jackson da Will Smith, wanda magoya baya suka yi ta kuka da shi a tsakiyar kaka, amma a Oktoba zubi 11 ya jefa ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Astros ta rama a wasa na biyu. A na uku Ian Anderson ya yi zubi biyar babu wanda ya samu bugu a kansa, Snitker ya cire shi duk da haka, aka yi ta ce-ce-ku-ce, Braves ta ci 2 da 0. A na huɗu Dylan Lee, wanda bai taɓa buɗe wasa a babbar gasa ba, shi aka sa ya fara, Kyle Wright ya karɓe shi ya riƙe wasan, Swanson da Soler suka yi hom-ron a jere a zubi na bakwai, 3 da 2. A na biyar Duvall ya yi hom-ron mai maki huɗu tun zubin farko, mutane suka fara shirin biki a gida, Astros ta farfaɗo ta ci 9 da 5.

Aka koma Houston. Wanda ya kalla daga Najeriya ko Nijar sai da ya hana idonsa barci, don wajen ƙarfe ɗayan dare ake farawa. A zubin farko Michael Brantley ya taka idon sawun Fried a tasha ta farko, Fried ya miƙe ya ci gaba, ya yi zubi shida ba a ci shi ba. A zubi na uku, mutum biyu a kan tasha, an fitar da biyu, Soler ya yi ta kare jifan Luis García har zuwa na takwas. Da ya same ta, ya yar da gora, ya juya ga bencinsu yana dukan ƙirji. Rufin filin a buɗe yake, ƙwallon ta tsallake layin dogon ado da ke saman katangar hagu ta fice waje, tafiyar ƙafa 446, kimanin mita 136. Swanson da Freeman suka ƙara nasu. 7 da 0. Ƙwallon ƙarshe Gurriel ya buga ta a ƙasa, Swanson ya ɗauka ya wurga wa Freeman. Hom-ron 11 Braves ta yi a gasar, Astros 2. Soler ya zama gwarzon World Series, ɗan Kuba na biyu bayan Liván Hernández a 1997. Anthopoulos yana gida a Atlanta, shi ma korona ta kama shi, a talabijin ya gani.

Abin da ya biyo baya

Ƙungiyar ba ta daɗe a haɗe ba. Rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya rufe kasuwa kwana 99, daga Disamba zuwa Maris. Da aka buɗe, ranar 14 ga Maris, 2022, Anthopoulos ya karɓi Matt Olson daga Oakland, ya ba da Pache da Shea Langeliers da wasu matasa biyu, irin kayan da ya ƙi taɓawa a Yuli. Washegari ya ba Olson shekara takwas kan dala miliyan 168. Ma'anar hakan ita ce Freeman, wanda Braves ta ɗauka tun 2007, wanda ya zauna da ita a shekarun da take ƙasan teburi, ba shi da gurbi. Anthopoulos ya yi wa 'yan jarida bayani muryarsa na rawa. Freeman ya tafi Dodgers kan dala miliyan 162 na shekara shida, kuma da ya dawo Atlanta a Yuni karɓar zoben kofinsa ya yi kuka a gaban kowa. Magoya baya da yawa sun ga an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ni ma abin ya taɓa ni, ko da yake lissafin da ya kawo Soler da araha shi ne dai ya zaɓi Olson, wanda ya fi Freeman ƙuruciya da fiye da shekara huɗu.

Soler ya tafi Miami kan dala miliyan 36 na shekara uku, Pederson ya koma San Francisco. Rosario ya zauna, ciwon ido ya ɓata masa kakar 2022. Swanson ya tafi Cubs a ƙarshen wannan shekara.

Kuma ƙungiyar ta ƙara ƙarfi bayan haka. A 2022 ta ci wasa 101. A 2023 ta ci 104, ta yi hom-ron 307, daidai da tarihin gasar, Olson shi kaɗai 54, Acuña da gyararriyar gwiwa ya yi hom-ron 41 ya saci tasha 73 (wato rugawa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba), ya zama gwarzon shekara ba tare da hamayya ba. Kowace daga cikin waɗannan biyun ta fi ta 2021 nesa ba kusa ba. Duka shekarun biyu Phillies ce ta fitar da su a karon farko, wasa 3 da 1, Phillies ɗin da ta ƙare a bayansu da tazarar wasa 14 a teburi kowane karo. Freeman kuwa a 2024 ya ɗauki kofi da Dodgers, shi aka ba gwarzon World Series.